Ranar da Muka Daina Cin Hula a Zariya

Shafi na 23

Masu cika min waya da "ina ci gaba", ga shi nan. Wanda kuma ya rubuto cewa Sakatare ya cika zafin kai, ya karanta wannan shafin tukuna mu ji.

*

Mun wuce Maraban Jos kenan Ciyaman ya miƙe a tsakiyar bas, ya kama ƙarfen sama, ya ce, "To jama'a, lokaci ya yi. A tuɓe."

Mu talatin da biyu ne a motar, magoya bayan Damisar Badarawa, za mu Zariya wasa da Guguwar Tudun Wada. In muka ci yau, mun haye rukunin sama. Tun daga Kawo ake waƙa, Baba Hamisu na dukan ganga, kowa sanye da rigarmu ta rawaya da baƙi. Da jin maganar Ciyaman sai waƙar ta mutu kamar an ɗauke wuta. Manya da gemunsu suka fara cire rigar ƙungiya suna zura tsofaffin kaftani.

Wannan ita ce dokar Alhaji Bello, Ciyaman ɗinmu mai shagon yadi a Babbar Kasuwa. In za mu wasan waje, a ɓoye riga, a cusa ganga a buhu, a shiga fili biyu-biyu kamar ba a san juna ba. In yaranmu suka ci ƙwallo, ba ihu, ba tafi. Kowa ya cire hularsa ya cusa a baki ya cije har daɗin ya wuce.

Shekara goma sha ɗaya ana haka. Dalili kuwa kowa ya haddace shi: wai a Zariya muka taɓa yin murna, 'yan gari suka yi wa motarmu ruwan duwatsu, suka tarwatsa gilashin baya. Har yau Bashir, shugaban matasan da ke tsaron ƙofar filinmu a gida, yana ajiye da ɓaraguzan gilashin a kwalba a shagonsa na cajin waya. Ya rantse ba zai taka Zariya ba, kuma ɗan Guguwa ba zai shiga filinmu da ganga ba.

Ni dai ban motsa ba.

"Sakatare," in ji Ciyaman, "kunnenka ya toshe ne?"

"Na ji, ranka ya daɗe. Ba zan cire ba."

"Zaharaddeen."

"Na'am."

"Ba na son boko yau."

"Ba boko ba ne, Alhaji. Mun bar sana'o'inmu, mun taso tun azahar ba ta yi ba, don mu je mu ci hula? Ai gara mu zauna a gida mu ci tuwo."

Wani a baya ya tuntsire da dariya, ya yi sauri ya mayar da ita tari.

Ba zafin kai kawai ya sa ni ba. Wasan waje da ya wuce, Yusuf mai lamba tara ya ci ƙwallo, ya ruga bakin fili hannu a buɗe, ya rasa wanda zai yi murna da shi. Da muka dawo ya same ni ya ce, "Yaya Deeni, in na ci a waje ina juyawa, sai in ga kamar ni maraya ne." Na yi masa alkawari a Zariya zai ji gangar gida. Abin da ke ba ni haushi da mutanenmu shi ne, in abu ya daɗe sai ya zama kamar farilla. Ba wanda ke tambayar wa ya kafa shi, ko har yanzu yana da amfani.

"Kai yaro ne," in ji Ciyaman. "Lokacin da aka jefe mu kana firamare."

"Shi ya sa na rubuta musu wasiƙa."

Har direba ya rage rediyo.

"Ka rubuta wa wa?"

"Shugaban magoya bayan Guguwa. Na kai kwafi ofishin 'yan sandan yankin. Na ce muna zuwa da rigunanmu da gangarmu, a ba mu gefe guda mu zauna."

"Ka gaya musu muna zuwa."

"Eh."

"Da lambar mota?"

"Da lambar mota, da lokacin isowa."

Ciyaman ya zauna a hannun kujera. "Inna lillahi. Ka manta ba ka aika musu da duwatsun ba."

"Na kuma rubuta cewa mun yafe musu jifan da suka yi mana. Abin da ya wuce ya wuce."

A nan na ga fuskarsa ta sauya. Ba fushi ba ne, wani abu ne daban, amma a lokacin ban gane ba.

"Direba, juya."

"Alhaji, titin a rabe yake," in ji direba. "Sai mun kai Jaji."

Baba Hamisu ya rungume gangarsa. Tsoho ne da ya haura sittin, makaniki a Kinkinau, bai cika magana ba. Ya ce, "Bello, ni dai gangar nan ba za ta ƙara shiga buhun albasa ba. Duk wasan waje sai ta yi kwana uku tana wari. Maiɗakina ta hana ta kwana a ɗaki."

"Har da kai, Hamisu?"

"Har da ni."

Ciyaman ya juya wajen kujerar gaba, inda Inna Harira ke zaune da kula a cinya. Ita ce mahaifiyar Yusuf, kuma yau ne karon farko da ta biyo mu.

"Harira, ke kya faɗa musu gaskiya. Ɗanki ne a fili. In ya ci, kika yi ihu, kin san abin da zai biyo baya?"

Ta gyara mayafi. "Ni me zai sa in yi ihu, Alhaji? Ɗan fari ne, ko sunansa ba na kamawa. Ni ba kallonsa na zo ba. Kunun aya na kawo wa yaran mutane."

"Kun ji mai hankali."

"Amma dai," in ji ta, "hula ba abinci ba ce."

Wannan karon ba wanda ya ɓoye dariya. Ɗaya bayan ɗaya aka fara cire kaftani, rawaya ta dawo motar. Da muka iso Jaji direba ya waiwayo. Ciyaman ya daɗe yana kallon titi, sannan ya yi masa alama ya wuce.

"Sakatare," ya ce, "rai talatin da biyu. In aka fasa wa ko mutum ɗaya kai, a wuyanka yake. Kuma ka ajiye min littafin ƙungiya."

"Na ɗauka, ranka ya daɗe."

Bakina ne ya ɗauka. Daga nan na fara ƙirga kawunan da ke motar. Ciyaman kaɗai ya rage da kaftani, ya ja hula har gira.

*

Mun shiga Zariya ta Ɗan Magaji la'asar na gabatowa. Kafin mu kai filin, yaran unguwa sun gano rigunanmu suna bin motar da gudu. Baba Hamisu ya ɗora hannu a kan ganga, bai doka ba.

A ƙofar fili, ƙarƙashin wata tsohuwar bishiyar mangwaro, mutum kusan hamsin ne tsaye, duk da shuɗiyar rigar Guguwa. Ba sa waƙa, ba sa komai. Mu suke jira.

"Ga amsar wasiƙarka nan," in ji Ciyaman ƙasa-ƙasa.

Na sauka ni kaɗai. Wani dattijo siriri ya fito daga cikinsu, tef ɗin awo rataye a wuyansa, wasiƙata a hannunsa.

"Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam. Kai ne Zaharaddeen?"

"Ni ne, Baba."

"Ni ne Haruna Tela, shugaban waɗannan marasa aikin yi. Sannunku da hanya. Ga ruwa can, ga gefen yamma mun share muku, inuwa tana zuwa can da wuri. 'Yan sanda biyu ma sun zo, suna cin gyaɗa."

Na fara godiya, ya ɗaga hannu.

"Tsaya tukuna, ɗan boko. Wasiƙarka ta yi kyau, mun karanta ta sau uku a shago. Layi ɗaya ne ya hana ni barci." Ya sa tabarau. "‘Mun yafe muku jifan da kuka yi mana.’ Wane jifa?"

"Na shekara goma sha ɗaya da suka wuce, Baba. Gilashin motarmu."

"Mu muka fasa?"

"Haka aka ce."

"Wa ya ce?"

Mutanenmu sun fara saukowa, sun taru a bayana. Malam Haruna ya bi fuskokinsu da kallo, ya leƙa ta tagar bas, sai ya washe baki.

"Ah, ga mutumina can. Alhaji, sauko mana. Ka yi ƙiba, amma hancin bai sauya ba."

Ciyaman ya sauko kamar mai taka ƙaya.

"Ban gane ka ba, malam."

"Ni na gane ka. Ni na riƙe maka taya da dutse. Dutsen da muka taɓa kenan ranar, shi ma a ƙasa muka sa shi." Ya juyo gare mu. "Jama'ar Kaduna, ku ɗaga kai. Kun ga wancan reshen da aka datse?"

Muka ɗaga kai. Ga guntun reshe nan, ya yi baƙi don tsufa.

"Ranar kun ci mu biyu da ɗaya. Kuna can masallaci kuna magariba, direbanku ma yana ciki. Wannan bawan Allah ya riga kowa sallamewa, daɗi ya cika shi, ya ga makulli a jiki, ya ce bari ya juya muku mota kafin ku fito. Ya sa ribas, ya taka kamar yana korar ɓarawo. Reshen nan ya shiga ta gilashin baya har kujera ta biyu. Mu shida muka tura motar muka ciro ta. Ni na share masa gilashin da tsintsiyar mai ƙosai."



Baba Hamisu ya ce, "Bello."

Ciyaman ya sunkuyar da kai.

"Bello, da kai nake."

"Ban taɓa cewa an jefe mu ba," in ji Ciyaman, muryarsa can ƙasa. "Kun fito kun ga gilashi, wani ya ce, ‘Jifanmu suka yi?’ Ni kuma na ce, ‘Ku dai shiga mu tafi.’ Iyakar abin da na faɗa kenan."

"Ka ce mana dutse ya wuce ta gefen kunnenka."

"Wannan a Jaji ne. Kafin nan ku da kanku kun kai duwatsun goma. Da muka iso Kawo har an ce da adduna. Ta ina zan fara? Motar aro ce, ga shi kwana uku da zaɓena Ciyaman. Na ce gobe zan faɗa. Gobe ta zama gobe."

"Shekara goma sha ɗaya," in ji Baba Hamisu. "Na cinye hula huɗu. Ɗaya zanna bukar ce."

Wannan ce ta fasa taron. 'Yan Guguwa suka fashe da dariya, namu suka biyo, wani har ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Ni kuwa raina ya ɓaci ƙwarai, na buɗe baki zan yi jawabin da na daɗe ina tanadi a kan shugabanni da ke mulki da tsoro. Inna Harira ta taɓa min hannu.

"Bar shi haka, Deeni. Dubi fuskarsa."

Na duba. Gumi ya jiƙe masa hula, idonsa ya yi ja. Na haɗiye jawabina, ko da yake har yanzu yana nan a maƙogwarona.

"Amma Baba," na ce wa Malam Haruna, "me ya hana ku faɗa tun tuni?"

"Mun faɗa. Wanda ake zargi da jifa ya ce bishiya ce, wa zai yarda? Sannan, gaskiya, kuna ba mu nishaɗi."

"Kun san muna zuwa?"

"Ɗana, mutum talatin su shigo biyu-biyu, kowa da kaftanin da bai ga guga ba, suna gaisawa da ido, suna tambayar mai rake canji da Hausar Kaduna? In kun ci ƙwallo ba ma kallon fili, ku muke kallo. Masu Cin Hula muke kiranku. Jikana har yana kwaikwayo a gida."

Ya kama hannun Ciyaman. "Alhaji, wuce gaba. Kai babban baƙo ne. Amma ka bar wa direba makulli."

Ciyaman ya kama wuyan kaftaninsa ya cire ta ka. Ashe rigar rawaya na ciki. Baba Hamisu ya saki ganga, muka shiga filin Guguwa a jere, da waƙa, a bainar jama'a.

*

Ba zan ɓoye muku ba, wasan ya yi zafi. Guguwa ba sa wasa da gidansu. Minti ashirin na farko ko tsakiya ba mu haye ba, golanmu ya tare guda uku da sai da na rufe ido. Gangarsu biyar, tamu ɗaya, amma Baba Hamisu ya riƙa dukan ta kamar yana rama bashin kwanakin da ta yi a buhu. Suna mana waƙar hula, muna rama musu da waƙar tsintsiyar mai ƙosai. Wani ɗan Guguwa ya jefo mana leda, kowa ya sunkuya, ashe gyaɗa ce.

Aka tafi hutu ba ci. Inna Harira ta aika wa 'yan wasa kunun aya, ta koma ta zauna tana kallon takalminta.

"Inna, yana wasa da kyau fa," na ce.

"Wa?"

"Mai lamba tara."

"Oho. Ni duk kamarsu ɗaya."

Saura minti bakwai a tashi muka samu bugun kwana. Aka bugo ta, ɗan bayansu ya sa kai, ƙwallo ta dawo bakin da'ira. Yusuf ya tare ta da ƙirji, bai bari ta taɓa ƙasa ba, ya sa mata ƙafar hagu.

Raga ta girgiza.

Filin ya yi shiru. Mu ma, wallahi, muka yi shiru. Sabo mugun abu ne. Na ga hannaye da yawa sun tafi kai suna laluben hula. Yusuf ya juyo gefenmu, ya fara rage gudu, kafaɗunsa suka fara sauka.

Sai guɗa ta tashi.

Doguwa, siririya, ta ratsa filin daga yamma har gabas. Inna Harira ce tsaye a kan benci, hannu a hanci, mayafi ya zame, kula ta kife. Ba ta tsaya ba sai da numfashinta ya ƙare, ta ja wani ta sake.

Ganga ta amsa. Mu talatin da biyu muka barke da ihun da muka tara shekara goma sha ɗaya. Na rungume direba, direba ya rungume ɗan sanda. Yusuf ya taho a guje, ya tsaya a gaban waya, ya kalle mu ɗaya bayan ɗaya. Da ya ga wadda ke kan benci, sai ya durƙusa a kan ciyawa kamar yadda yake gaishe ta da safe.

Ta sauko da sauri, ta ja mayafi ta rufe fuska. "Ba ni ba ce," in ji ta. Sannan ta leƙo. "Kai, tashi ka koma, ba a tashi ba."

Na waiwaya neman Ciyaman. Yana zaune, hawaye na zuba, bakinsa cike da hula.

Baba Hamisu ya miƙa hannu ya zare ta. "Tofar, Bello. An daina."

Ciyaman ya kalli hular, ya miƙe, ya kurma wani ihu da ban san yana da shi ba, ya wurga ta sama. Iska ta ɗauke ta ta kai ta tsakiyar 'yan Guguwa.

Ɗaya da nema aka tashi. Mun haye.

*

Ba a fasa kan kowa ba. Na ƙirga mu sau biyu a bakin mota, talatin da biyu cif, ƙari da Yusuf da ya ce ba zai bi motar 'yan wasa ba. Ciyaman ya miƙo min littafin ƙungiya da na ajiye masa a kujera.

"Riƙe kayanka, Sakatare. Amma wasiƙa ta gaba ka nuna min kafin ka aika."

Muna shirin hawa Malam Haruna ya iso, mutanensa a bayansa, fuskokinsu ba walwala kamar ɗazu. An ci su a gida, dole. Hular Ciyaman na hannunsa, ya riƙe ta da yatsa biyu.

"Ga amanarka, Alhaji. Da shaidar haƙora a jiki, ba za ta ɓata ba."

"Na gode, Malam. Ku yafe ni."

"Yafiya tana da sharaɗi. Asabar ta sama muna da wasan kofi a filinku. Ka san yadda muke shiga Badarawa shekara goma sha ɗayan nan? Biyu-biyu. Da kaftani. Gangunanmu a gida. Akwai wani yaro a ƙofarku da ke nuna mana kwalbar gilashi." Ya gyara tef ɗin wuyansa. "Mu ba mu cin hula, gefen riga muke cizo. Ni tela ne, na san yawan da na ɗinke."

Kunya ta rufe ni. Duk zafin da nake yi a kan abin da aka hana mu, ban taɓa tambayar abin da mu muke hana wasu ba.

"Wannan karon mota shida za mu zo," in ji Malam Haruna. "Da shuɗi, da ganga biyar. Wa zai tarbe mu a ƙofa?"

Kowa ya juya ya kalli Ciyaman.

Ya karɓi hular, ya kakkaɓe, ya ɗora a ka, jiƙaƙƙiya yadda take.

"Ni," ya ce. "Ni zan tsaya. Da ruwan sanyi."

Aka yi tafi daga ɓangare biyu. Baba Hamisu ya buga masa kirari da ganga. Muka hau, direba ya tayar, ya yi ribas a hankali, duk motar na ihun "Reshe, reshe, a kula da reshe."

Mun kai Ɗan Magaji ana waƙa, Yusuf na zaune a ƙasa kusa da ƙafar mahaifiyarsa tana yi kamar ba ta gan shi ba, sai Ciyaman ya matso kusa da ni.

"Sakatare, maganar bishiyar nan. A bar ni in gaya wa matasa da bakina, a hankali. Kamar nan da Laraba."

"Ranka ya daɗe, ɗazu fa mutum ya fi ashirin da waya a sama."

"Wa zai aika?"

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya ciro, ya kalli sunan, ya juyo min da fuskar wayar.

Bashir Mai Caji.

Waƙa ta tsaya. Baba Hamisu ya ɗora tafin hannu a kan ganga. Ciyaman ya danna, hannunsa ya kuskure ya buɗe lasifika, muryar ta cika motar.

"Alhaji, ga ni a shago, ga kwalba a gabana, ga matasa sun cika ƙofa. Wane bidiyo ne wannan nake gani?"